Hannun Aro

A amalanken jaki aka kawo shi,
ɗaure da igiyar guga,
kamar gawar da ba ta da dangi,
daga Birni har ƙofar shagona a Zango.
Cima ta ce, "Na babana ne, Sajan Kiyari.
Fiyano sunansa. Ka iya?"
Na ce ni kafinta ne, ƙofa na sani da kujera.
Ta ce, "Ai shi ma yana da ƙofa."

Na buɗe. Ɓera ya yi aure a ciki,
ya haifa, ya aurar.
Gara ta cinye ƙafa ɗaya, ta bar fenti a tsaye.
Ga dala biyu na zamanin da,
ga hoton wani saurayi da baƙar kwat,
yatsu goma a baje kamar mai shanya tsaba.

Saurayin nan na tarar a kan tabarma.
Ɓarin dama ya tafi ya bar shi,
baki ya karkace, magana ta koma ciki.
Shekara talatin yana kaɗa wa hafsoshi a bariki,
yau ƙuda ma sai an kore masa.

Wata huɗu.
Majema suka ba ni ragowar fatar akuya
na naɗa wa ƙananan gudumomi.
Inda farin haƙori ya ɓalle
na goge ƙashin raƙumi na liƙa.
Tsirkiya bakwai sun tsinke.
Wayar birkin babur ta ƙi,
sai da direban Kano ya zo da ta gaske
a cikin buhun barkono;
har yau in ka ɗaga murfin sai ka yi atishawa.

Kunne ne ba ni da shi.
Sai muka kai akwatin gindin tabarmarsa.
In ɗaure, in buga, in dube shi.
In ya runtse ido, da saura.
In ya doka sanda, na zarce.
In ya yi tsit, hawaye na bin kuncin da ke da rai,
to nan ne, Ilu, janye hannunka.

Haƙori ɗaya can sama ya ƙi magana.
Kwana uku ina lallashi.
Tsoho ya ja mini riga,
ya nuna bakinsa, ya nuna haƙorin.
Na gane. Na ƙyale shi.

Wata Laraba bayan la'asar
muka ɗaga shi, ni da Cima, muka zaunar.
Hagu ta sauka a hankali
kamar tsohuwa mai laluben takalmi a duhu.
Ta samu.
Ɗakin ya yi ajiyar zuciya.
Sai ya dubi hannuna na dama,
mai kanta, mai tabon zarto,
ya ɗauka ya aza inda nasa ya saba kwana.
Uku ya koya mini. Uku rak.
Shi yana tafe a ƙasa kamar ruwan marka,
ni ina ɗiga a sama kamar indararo.
Mai garuwa ya sauke kaya a zaure
ya manta gidan da aka aike shi.

Cima ta ƙullo jikka goma a bakin zane.
Na zari biyu, kuɗin direba.

Ladan a wani wuri ya same ni:
da asuba, a layin famfo,
inda Damagaram ke jiran ruwa tun kafin a haife ni.
Bidona ya fara cika,
na ji muryarsa tana hawa, tana hawa,
kamar yatsa na bin fararen haƙora,
na kashe famfo ban ko leƙa ba.
Shekara hamsin ina jin ƙara,
bana na fara jin sauti.
Ashe zartona ma murya biyu gare shi,
ta tafiya daban, ta dawowa daban.

Ran Laraba da wuri nake rufe shago.
Masu ƙofa su yi haƙuri.
In wanke hannu sau biyu, in yanke farce,
in bi ta tsakanin duwatsu
in kai wa Sajan Kiyari damarsa.